Yadda Barira Ta Baro Tunga

In ka shiga kasuwar Mayahi ta wajen masu kaba da igiya, za ka ga wata doguwar mata mai ƙarancin magana zaune bayan naɗaɗɗun tabarmi. Barira ke nan. Katanga ɗaya ta raba gidana da nata, kuma abin da zan faɗa daga bakinta na ji shi, kaɗan-kaɗan, muna tsagar kaba da la'asar.

A wani ƙauye kusa da Atantane aka haife ta. Ta auri Iliyasu tela da son ranta, har suka haifi ɗan fari, Sha'aibu. Yaron yana rarrafe wani malami ya fara zuwa wa'azi ran kasuwa. Iliyasu ya riƙa zama gabansa. Ya bar shan taba, ya bar yawon ci-rani, ya koma kwana gida. Da malamin ya kafa tunga a daji, arewa da Kanan-Bakashe, ya kira mabiyansa su tare can, Iliyasu ya ɗaure kekensa na ɗinki bisa amalanke, Barira ta hau da yaro a goye.

"Kada ki rubuta cewa jana aka yi," in ji ta. "Da ƙafata na tahi, ina murna."

Tungar tana da abin so. Hatsin kowa rumbu ɗaya ake zuba shi, ba wanda ke kwana da yunwa, kuma ba ka jin zagi ko faɗa. Baba Malam, haka suke kiran shugaban, shi ke yanke komai. Ya hana lakkol, wato makarantar boko, ya hana zuwa likita, ya hana cin yankan duk wanda ba ɗan tunga ba. Mace ba ta wuce shingen ƙaya sai zuwa rijiya. Ya ce namiji mai mata ɗaya addininsa bai cika ba, don haka bayan sallar Juma'a yakan tsaya ya faɗi wane zai auri wance, a shafa fatiha nan take.

Ta haka aka kawo wa Iliyasu Rakiya, bazawarar da mijinta ya rasu a tungar. Ta girmi Barira nesa, ba ta taɓa haihuwa ba. Ko da yake Barira ce uwargida, Yaya take ce wa Rakiya. Rakiya ce ta karɓi haihuwar Nabila, ita ta karɓi ta Haruna, kuma a ɗakinta yaran suka fi kwana. Daga baya aka ƙaro A'ishatu, gida ya zama na mata uku.

Sau ɗaya mahaifiyar Barira ta zo ganin ta. Aka tsayar da tsohuwar bakin shinge, ƙarƙashin wata aduwa. Ta kwance ƙunshi: daddawa, kuka, da soyayyen naman layya da ta adana mata. Barira ta ɗauki daddawa da kuka, ta tura naman gefe.

"Inna, ba mu cin yankan waje."

Tsohuwar ta dube ta, ta ƙulle naman ta mayar cikin kwando. Ta yi wasa da jikokinta har rana ta karkata, ta hau amalanke ta koma.

Shekaru suka wuce. Wata rana da bazara Barira tana jan ruwa, Buzaye suka kawo awaki rijiya. Cikinsu akwai Lalla, wadda kan yi zango bayan ƙauyen su Barira tun tana yarinya. Lalla ta ƙura mata ido, ta gane ta, ta matso ta kama hannunta.

"Ya haƙuri? Allah shi jiƙan Inna. Mace ce mai kirki, ko bara ta ba ni dawo."

Barira ta tsaya da igiyar guga a hannu. Ta tambaya yaushe. Lalla ta ce ai tun kaka, lokacin ana yankan gero. Ta ce Dalhatu, wan Barira, da kansa ya zo tungar faɗin rasuwa, ita ta gan shi a hanya.

Barira ta cika tulunta ta koma gida. Ta dama fura ta kai wa Iliyasu rumfar da yake ɗinki, ta durƙusa ta jira ya sha.

"Maigida, ashe Inna ta rasu."

Ya tsayar da keken. Bai musa ba. Ya ce Dalhatu ya zo, shi ya tare shi bakin shinge. Ya kai maganar ga Baba Malam, aka ce wanda ya mutu a waje ba a zaman makokinsa, kuma faɗa mata zai tada mata hankali a banza.

"Na so in hwaɗa miki," in ji shi. "Na kasa."

"To a bar ni in tahi gaisuwa. In ga kabarinta in dawo."

Ya ce zai tambaya. Amsar da ya kawo ita ce a'a.

Ba ta yi rigima ba. Damina ta sauka, ta yi noma tare da sauran mata, ta ci gaba da girki ranar girkinta. Amma ta ce tun daga lokacin, in ta dubi Nabila tana tsince wake, sai ta ga kanta tsohuwa bakin wani shinge ana mayar mata da ƙunshi. Rakiya ce kaɗai ta lura. Suna surfe wata safiya ta ce mata, ba tare da ta ɗago kai ba:

"In tahiya za ki yi, ki bari a yanke hatsi. Lokacin amalanken Kanan-Bakashe ke bin hanyar rijiya. Kuma kada ki sace jiki. Ki hita kowa na gani, don kada gobe a ce da ɗiyanki uwarsu gudu ta yi."

Haka ta yi. Da aka gama ɗaure damman gero, ta gaya wa Iliyasu za ta tafi garinsu, kuma ba ta san ranar dawowa ba. Ya ce in ta wuce shinge ba izini, ta fita daga jama'a. Ta ce ta sani. Ya daɗe yana kallon zaren da ke hannunsa, sa'an nan ya tashi ya nufi masallaci. Bai ce ta tafi ba, bai kuma sa an tsare ta ba.

Da hantsi ta ɗaura kayanta a zane ɗaya. Nabila ta ɗauki buta da 'yar tabarma. Saura Sha'aibu, wanda a lokacin ya fara zama saurayi, yana cikin masu karatu gaban Baba Malam, ana yabon ƙwaƙwalwarsa. Ɗan fari ne, Barira ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma saba doguwar magana da shi ba. Ta same shi yana ba tumaki harawa.

"Kai, za mu garin kakanninka. Ka zo?"

"Baba Malam ya sani?"

"Ya sani. Bai yarda ba."

Yaron ya sunkuyar da kai. "Ni ina nan, Inna."

Ta ce mini ta so ta kama hannunsa, amma ba ta taɓa yi ba tun da aka yaye shi, sai ta rasa ta inda za ta fara. Ta ce masa ya riƙa cin abinci ɗakin Rakiya, ta juya.

Rakiya ta goya Haruna ta raka su. Mata suna leƙe ta kan danga. A bakin shinge ta kwance yaron ta ɗora shi bayan uwarsa, ta gyara masa hula.

"Yaya, ki zo mu tahi," in ji Barira.

"In je wurin wa? Nawa duk sun ƙare. Kuma wa zai duba miki babban ɗanki?"

Wani mai amalanken shanu ya ɗauke su zuwa Kanan-Bakashe, daga nan suka shiga motar kasuwa. Haruna bai taɓa shiga mota ba, ya yi kuka har barci ya kwashe shi.

Dalhatu bai tarbe ta da fara'a ba. Ya amsa gaisuwarta a tsaye. Ya ce Inna ta yi ta kiran sunanta a ciwon ajali, shi kuma ya yi tafiyar yini aka tsayar da shi bakin ƙaya kamar mai cuta. Barira ba ta kare kanta ba. Matarsa ta kawo tuwo da miyar kaza, Nabila ta janye hannu tana kallon uwarta. Barira ta gutsuri naman ta ci, ta miƙa wa yarinyar. Washegari Dalhatu ya kai ta maƙabarta, ya nuna mata wurin daga nesa, ya koma gefe ya jira ta.

Bayan 'yan makonni Iliyasu ya zo da dattawan tunga biyu, suna neman yaran. Aka zauna zauren mai gari, da liman da Dalhatu. Dattawan suka ce ɗiya na uba ne. Liman ya ce ba a musu, amma ƙanana ne, kuma matar da aka ɓoye wa mutuwar uwarta tana da abin faɗa. Aka juya ga Iliyasu. Mai gari ya tambaye shi.

"Su zauna wurinta," in ji shi. "Na sawwaƙe mata."

Dattawan suka tashi ransu a ɓace. Barira ta ce har yau ba ta san abin da Iliyasu ya tarar da ya koma tunga ba.

Da ta gama idda ta taho Mayahi, inda wata ƙanwar mahaifiyarta ta ba ta ɗaki. Saƙar tabarma tun tana yarinya ta iya, kaba kuwa ga ta nan cikin gulbi. Farkon zaman ya yi mata wuya. Ta manta yadda ake ciniki. In za ta fita sai ta tsaya bakin ƙofa tana jin kamar akwai wanda ya kamata ta tambaya. Ranar da ta fara kai Haruna likita da zazzaɓi, sai waige-waige take har aka gama allurar.

Nabila ta shiga lakkol ta fi kowa tsawo a ajin, yara suna kiranta uwar aji. Ta sha dawowa da kuka. Mushe, malamin ajin, ya mayar da ita bencin baya, yana ƙara mata karatu bayan an tashi. Yanzu tana kolej, ita ke karanta wa unguwa takardar magani.

Sha'aibu bai baro tunga ba. Ya girma, shi ake aikowa Mayahi da buhunan wake. In ya sayar yakan zo rumfar uwarsa ya durƙusa ya gaishe ta, ya faɗi lafiyar Rakiya, ya ɗauki Haruna su zaga kasuwa. Ba ta ce masa ya fito, shi ma ba ya ce mata ta koma. Na taɓa tambayarta ko tana jin haushin mutanen can. Ta ce wasu ranaku tana ji. Ta ce kuma har yanzu wuridin da ta koya can shi take yi bayan sallar asuba, don ba ta ga laifinsa ba.

Bana bayan kaka wata matashiya mai suna Rukaiya ta yi sallama gidanta, da goyo da wata yarinya riƙe da gefen zanenta. Daga tunga take. An ce mata in ta iso Mayahi ta tambayi Barira mai tabarma. Tun tana tsakar gida ta fara tambaya ko ta yi kuskure, ko za a karɓe mata yara, ko ta juya tun ba a daɗe ba.

Barira ta shimfiɗa mata tabarma a inuwa, ta sa Nabila ta kawo ruwa.

"Sauke yaron tukuna," in ji ta. "Ki sha ruwa, ki ci abinci. Maganar tana da yawa, za mu yi ta a hankali."

Rukaiya tana nan har yanzu. Saƙarta ba ta miƙe ba tukuna, gefen yakan karkace, Barira na kwancewa tana sake nuna mata.