Tayar da Na Kasa Karɓowa a Gidan Surukina

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta abin da mutane ke aikowa wannan shafi, yau dai na ce bari ni ma in sauke nawa, ko Allah zai sa in samu sauƙin abin da ke cina.

Lokacin da abin nan ya faru ban daɗe da yin aure ba. Ina da wata tsohuwar a-kori-kura, irin wadda a nan muke ce ma bashe, da ita nake bin kasuwanni: yau Cadakori, gobe Gidan Sori, wani lokaci in miƙa har Cadawa da Gazawa, in kwaso gero da wake da awaki tare da masu su. Ni mutum ne mai gaggawa, ban iya zama wuri ɗaya ba. Tun ina lakol, wato makarantar boko, malamai suka gaji da ni, ko tuwo a tsaye nake cinsa, hannu ɗaya na riƙe da makullin mota. Haka kuma na riƙe motar. Muddin ta tashi da safe, to a wurina lafiyarta ƙalau. Juyen mai sai ya yi baƙi ƙirin, ruwa sai na ga tana tururi, taya kuwa faci a kan faci. In aka yi mani magana in ce sai na dawo daga kasuwa, alhali kasuwa ba ta ƙarewa.

Surukina dattijo ne manomi, a wani ƙauye can bayan Cadakori, mutum mai nauyin baki, wanda sai ka wuni da shi bai yi maganar da ta wuce gaisuwa ba. Kakar farko bayan aurenmu, matata ta gaya mani tayar amalankensa na shanu ta fashe, ga dammunan gero zube a gona ba abin kwasa. Amalanken nan da ƙafar tsohuwar mota irin tawa aka ƙera shi, don haka na san tayar ajiyata za ta zauna masa daram. Shi bai roƙe ni ba, wannan kam zan shaide shi ko a gaban Allah. Ni ne da rawar kaina na shiga ƙarƙashin mota na kwanto ta, na kai masa har ƙofar gida. Ina son a ce ɗiyarsu ta yi dacen miji. Na durƙusa na gaishe shi, na jingine tayar a bango, kaina a sunkuye. A zuciyata aro ne har a gama kaka, amma bakina bai ce aro ba, bai ce kyauta ba. Ya sa mani albarka, na tashi ina jin kaina wani babban mutum.

Kaka ta wuce, rani ya shiga, taya ba ta dawo ba. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san yadda ake da suruki. Ba ka haɗa ido da shi, ba ka cin abinci a gabansa, in ka hango shi a hanya ka cire takalmi ka rusuna. To da wane baki zan je in ce masa Baba, a ba ni tayata? Sau da yawa nakan tashi da niyyar yau sai na yi maganar, in na isa ƙofar gidan sai in ƙare da tambayar lafiyar shanu. Matata ta lura. Wata rana ta ce in bar ta ta gaya wa innarta, ita kuma ta san yadda za ta shigar da maganar cikin hikima. Na hau ta da faɗa, na ce kada ta kuskura ta zubar mani da mutunci a gidansu a kan taya guda. Ba ta sake tayar da zancen ba. Sayen wata kuwa kullum gobe ne. In na je Maradi in tsaya wurin masu taya, in taɓa wannan in taɓa waccan, sai wani fasinja ya ƙwala mani kira, in ruga. Haka na shekara ina yawo a cikin daji da ƙafa huɗu, ban da ko ɗaya ta ajiya, ina kuma yi wa abokan aikina dariya in na gan su suna duba iskar taya da sassafe.

Da cikin matata ya tsufa aka mai da ta gidansu, kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari. Kaka ta sake zagayowa. Ranar ina kasuwar Cadakori da hantsi, ana loda mani buhunan wake, sai ga waya daga gwaggonta, ƙanwar mahaifinta. Ta ce tun jiya yarinyar nan take naƙuda, abin ya ƙi gaba, yanzu kuma jini ya ɓalle, ungozoma ta ce a kai ta likita, wato asibitin Cadakori, ba da wasa ba. Na sa aka sauke buhunan a nan inda suke, masu kaya na zagina, ban ko waiwaya ba. Yadda na isa ƙauyen ban sani ba.

A ƙofar gidan, abin da idona ya fara sauka a kai shi ne amalanken, an kwance shanu, an jingine shi ƙarƙashin itacen bedi, ga tayata a jikinsa. Wallahi na gan ta, kuma zuciyata ta ce mani kwance ta ka jefa a baya. Na san tayar gabana ta dama ta sha faci har ba wurin sa wani, zarenta ma ya fara leƙowa. Abin da zai ɗauke ni bai fi a sha ruwa a wanke hannu ba. Amma ga surukina tsaye da dattawan unguwa, ga mata na fitowa da matata a kan katifa. Sai na ji in na durƙusa ina kwance taya a wannan lokaci, za a ce ɗiyarsu na mutuwa shi ta kayansa yake. Ga kuma kunyar ɗan fari, wadda ta sa ko fuskar matata ban iya duba da kyau ba a gaban mutane. Aka shimfiɗa ta a baya, gwaggo ta hau ta riƙe kanta, na ja mota. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ni kuwa ranar na ɓoye nawa.

Hanyar rairayi ce, gonaki hagu da dama, an girbe wasu an bar kututturan kara. Gudu nake kamar mahaukaci, ina jin nishinta ta gilashin baya. Mun yi nisa da ƙauyen, ba mu kuma yi kusa da Cadakori ba, na kauce wa wani rami na hau gefen gona. Sai na ji fus, sitiyari ya fizge ni dama. Na san abin da ya faru tun kafin in sauka. Tayar nan ce, ta tsage a gefe, tsagar da hannu zai shiga. Da na tsaya na yi tunani, da na bar motar a inda ƙasa ke da tauri. Ina! Sai na koma na taka wuta, wai zan ja ta a haka a kan ƙarfe. Ba mu yi wata tafiya ba ƙarfen ya nutse cikin rairayi, na ƙara wuta, ƙafafun baya su ma suka tona wa kansu rami. Mota ta zauna. Sauri ya haifi nawa.

Gwaggo ta leƙo ta ce in yi maza in sa ta ajiya mana, me nake jira. Na ce mata babu. Ta ce wane irin direba ne ke ɗaukar mai naƙuda ba tayar ajiya, ina na kai ta? Matata ce, a cikin wannan hali, ta buɗe baki da ƙyar ta ce wa gwaggo ita ce a amalanken Baba. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na wannan lokaci ba. Gwaggo ta dube ni, ta yi salati, ta ce yanzu a gaban tayar muka wuce mu duka?

Na kira waya, wurin ba ya kamawa sai na hau tudu. Abokan aikina duk suna kasuwanni masu nisa, wanda ya fi kusa ya ce yana bayan Tibiri da lodi. Na ruga gaba, na dawo, na ruga baya, na rasa inda zan sa kaina. Rana ta take. Na cire rigata na ɗaura a ƙarfen baya don in yi mata inuwa, na ga katifar ta jiƙe, na kau da kai. Can Allah ya kawo wani mutum a kan babur ɗauke da buhun gyaɗa. Muka yi shawarar a ɗora ta a babur, gwaggo ta ce ko zama ba ta iyawa, kashe ta za mu yi. Sai ita gwaggon ta ce wa mai babur ya jefar da buhun ya ruga ƙauye, ya ce wa yayanta ya ciro tayar amalanke ya kawo yanzu-yanzu. Maganar da na shekara ina juyawa a baki, ita a numfashi ɗaya ta faɗe ta.

Kafin su dawo na ce bari in ɗaga motar. Na sa jak, yana ɗagawa yana nutsewa cikin rairayi, don ko guntun katako ban ajiye ba. Sai da na ɓalle allon da fasinja ke zama a kai na sa a ƙarƙashi. Na zo kwance notuna, biyu suka ƙi motsi, tsatsa ta cinye su, rabon da a shafa musu mai har na manta. Na hau sifana da ƙafa ina tsalle, ta zame ta yanke mani ƙauri, ban ma ji zafi ba. Ina yi ina kuka, ina zagin motar, alhali ita ba ta yi mani laifin komai ba. Duk wannan lokaci ina jin gwaggo na kiran sunan matata, tana ce mata kada ta yi barci.

Surukina da kansa ya zo, a bayan babur, rungume da tayar, ba hula a kansa. Dattijon da ban taɓa ganin ya yi sauri ba, ya durƙusa kusa da ni yana tonon rairayi da hannu. Da mai babur muka haɗa ƙarfi notunan suka saki, muka ɗaura tayar, muka shimfiɗa karan gero ƙarƙashin ƙafafun baya, suka tura. Rana ta riga ta karkata lokacin da muka shiga Cadakori. Ma'aikatan likita suka duba ta, suka sa mata ruwa, suka ce sai Maradi. A can aka yi mata aiki. Ita Allah ya tsallakar da ita da ƙyar. Yaron, namiji ne, bai zo da rai ba. Matar da ta fito ta gaya mana ta ce bai daɗe da rasuwa a ciki ba. Ba ta ƙara komai a kai ba, ni ma ban tambaya ba, don na san inda lokacin ya tafi.

Bayan an yi kwanaki, surukina ya sa aka kira ni zaurensa, mu biyu kawai. Ya ce tun bayan kakar bara ya so ya mai do mani da tayar, har ya sa an kwance ta sau ɗaya, sai ya ji tsoron kada in ɗauka ya raina kyautata ne, ya sa aka mai da ita. Ya ce kullum na zo gaishe shi yana jiran in yi ko da alama, ni kuma ban yi ba. Ya ce bai san ita kaɗai gare ni ba, da ya sani da ko a ka zai kwashe geronsa. Ashe shekara guda yana jin kunyata ina jin kunyarsa. Na ga hawaye a gemunsa, na tashi na fita, don ban iya zama ba.

Na san rai na Allah ne, kuma mutane sun yi ta gaya mani cewa ko da taya goma, abin da aka rubuta sai ya faru. Na yarda. Amma Allah bai hana ni buɗe baki ba, bai hana ni shafa wa noti mai ba, bai hana ni ajiye guntun katako ba. Waɗannan ni na hana kaina. Matata ba ta taɓa ce mani kai ne ba, ko sau ɗaya. Sai dai har yau, in za ta shiga motar, takan ɗan tsaya ta sunkuya ta leƙa ƙarƙashi, sannan ta hau ba ta ce komai ba. Da ta zage ni da ya fi mani sauƙi.

'Yan uwana direbobi, musamman mu da ke bin hanyoyin ƙauye, ku sani motar da ke ɗaukar wake ran kasuwa ita ce motar asibitin garinku. Ba a yi maka sallama kafin a kira ka. Ka duba ƙafafunka da safe, ka duba mai da ruwa, ka tabbata notunanka na kwantuwa, kada ka fita ba tayar ajiya mai iska, da jak, da abin da za ka ɗora shi a kai. In taya ta fashe maka a rairayi, ka tsaya, kada ka taka wuta. In za ka ba da aro, ka ce aro ne da bakinka, in kuma kyauta ce ka sayi wata kafin ka kwana. Kunya ado ce, ban ce a yar da ita ba, amma kada ka ji nauyin tambayar abin da ran wani ke rataye a kansa, ko a hannun wa yake. Surukina da ya ji haushina na kwana biyu, da yanzu ya manta. Ni kuwa ga shi ina wuce ƙofar lakol da safe, ina duban yaran da da ɗana ya rayu da sa'anninsa ne, ina rage gudu ba tare da kowa ya tsai da ni ba.