Irin Attaruhun Goggona

A cikin kwalbar turare na shigo da irin attaruhun nan birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Goggona ce ta ba ni daga lambunta na bayan gida, wani ɗan ƙarami mai yamutsattsiyar fata, wanda guda ɗaya ke isar tukunyar gida guda. Na shuka shi a bokitan fenti uku a barandar ɗakina a unguwar Xiaobei. Zafin garin da danshinsa suka karɓe shi, ya yi 'ya'ya har rassan na sunkuyawa.

Da shi nake soyayyen yaji: in niƙa da tafarnuwa da daddawa, in soya a man gyaɗa har ya yi duhu. Ba sayarwa nake ba. Duk ɗan gida da ya dawo daga saro wanduna a kasuwar Xintang ya biyo ta wurina, sai ya tafi da kwalba.

Cikin masu zuwa akwai wani Alhaji, ejan da ke yi mana lodin kwantena, mai ofis a benen Tianxiu. Wata rana ya ce, "Hajiya, sam min iri kaɗan, uwargida na son shukawa a Kano." Na ƙulle masa a takarda, har yadda nake suyar na gaya masa.

Bayan shekara na shiga wani kanti sayen shinkafa, sai ga kwalaben yaji jere da hoton Alhaji a jiki, an rubuta wai gadon kakarsa ne. Na sayi ɗaya na buɗe a tsaye. Ƙamshin kaɗai ya isa shaida. Mai kantin ta ce wani manomi ke noma masa a bayan gari, gona guda.

Da na isa Tianxiu ban jira lif ba, da ƙafa na hau benen. Na dire kwalbar a teburinsa gaban baƙinsa.

"Alhaji, wace kakar taka ce ta shuka wannan?"

Ya yi murmushi. "Haba Hajiya, barkono ai na Allah ne. Ke kin tsare shi a bokiti."

"Uwargidan fa? A bayan Guangzhou take noma?"

Sai ya ce zai aiko min da katan biyu kyauta. Wannan ta fi komai ƙona min rai. Na ce ya riƙe abinsa, ni ba maula na zo ba. Da ya gaya min gaskiya tun farko, da na ba shi, in ce ya sa sunan Goggo kawai.

A makon na janye kayana daga hannunsa, na koma wurin wani ɗan Maraɗi mai jinkirin lodi. Kwalaben Alhaji kuwa suna tafiya, har a Kano na gan su. Ya cika musu sukari.