Komin Nyakato da Gorar Nyangoma

A ƙauyenmu na ƙasar Tooro, duk wanda ya ce bai san Nyakato mai giyar ayaba ba, to ko baƙo ne ko maƙaryaci. Tun da mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu, da giyar nan da muke kira tonto ta raine su. Wadda ta yi kwantai kuwa sai ta juye a duro, ta hura wuta, ta tsiyaye tururin ya zama waragi mai ƙona maƙogwaro. Gajeruwa ce, ga taurin kai.

Sirrinta wani tsohon komi ne da aka fafe daga kututture, gadon uwarsu. Ɗauraye shi kawai ake yi, domin irin da ke tayar da giya a jikin itacen yake zaune. A kan komin nan suka raba gari da Nyangoma, yayarta da aka haife su tagwaye. Ranar rabon gado Nyakato ta riga ta kama komi, aka bar wa Nyangoma gora ɗaya tal. Shekara goma sha ɗaya ko gaisuwa babu.

Ana saura kwana shida a je nema wa autanta Kaija aure, sai ga shi daga birni, inda yake aikin asibiti. A wurinmu dattawan gidan yarinya sai sun ɗanɗana giyar manema kafin a buɗe baki, in ta yi tsami a sallame ku da kunya. Nyakato ta dawo daga gona ta tarar da shi yana washe baki.

"Mama, zo ki ga aiki! Na goge miki komin nan fes, da tafasasshen ruwa da maganin asibiti."

Ta leƙa, ta shinshina, ta zauna daɓas.

"Sannu likita. Yau ka kashe min kakarka karo na biyu."

"Haba Mama, akwai yis a kanti! Ƙulli ɗaya ya isa."

Ranta ya ɓaci ƙwarai, amma ba ta tsaya kuka ba. Ta matse ruwan ayaba ta raba ƙwarya uku, kowacce da soyayyar dawa. Ɗaya ta zuba yis ɗin burodi, ɗaya ta bar ta da dawa zalla, ɗaya ta kankaro jikin komi ta barbaɗa. Bayan kwana biyu ta buɗe. Ta dawa ta yi tsami, ta komi tana kwance shiru, ta yis kuwa kumfa har ƙasa. Kaija ya fara murna, ita kuwa ta kurɓa ta tofar.

"Wannan na waragi ne, wuta ce ke rufa masa asiri. Tonto ba ta da wurin ɓuya. Surukanka za mu kai wa burodi a tulu?"

Da hantsi ta ɗaura ɗankwali ta hau tudun da ta rantse ba za ta sake takawa ba. Ta sami Nyangoma tana feraye ayaba.

"Wa nake gani kamar mai komi?" in ji Nyangoma, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Ni ce, Yaya. Komi ya mutu. Iri na zo roƙo."

"Au, ashe gora ma gado ce?"

"Gado ce. Faɗi duk abin da ke ranki, zan tsaya in ji. Amma Kaija ba zai sha kunya ba."

Nyangoma ta faɗa, ta kuma faɗa, har ayabar hannunta ta yi baƙi. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da gorar. Ashe duk shekarun nan ba ta bari gindin giyar uwarsu ya bushe a ciki ba, ana kwashewa tana ciyar da shi.

Da aka zuba irin gorar, kwana uku komi ya yi yana tsuwa ƙarƙashin ganyen ayaba. Ranar neman aure babban dattijon gidan yarinya ya kurɓa, ya daɗe bai haɗiye ba, sannan ya miƙa ƙoƙo a ƙara masa.

"Wannan hannun wa?"

Nyakato, wadda ba ta taɓa yarda an raba yabo da ita ba, ta nuna Nyangoma da ke zaune can baya.

"Na uwarmu ne. Ga wadda ta riƙe mana shi."

Washegari mutane suka ga maza huɗu ɗauke da komi suna hawa tudu zuwa gidan Nyangoma, Nyakato na biye da su rungume da gora cike.