Kujerar Malama Vaosa

Shekara talatin da takwas, kafin motar bas ta farko ta gangaro daga tudu, Malama Vaosa ta riga ta buɗe ajinta, ta share ganyen da iska ta kwaso, ta jawo wata kujerar katako mai gurguwar ƙafa ta dasa a tsakiya. Duk wanda ya yi sakandare a ƙauyenmu da ke tsibirin Savai'i ya san kujerar nan. Watan jiya Malama ta yi ritaya, kuma ni Falaniko ɗan Pelenato, da na fi kowa ɓata mata, ni ya kamata in fara magana.

Adabin Turanci take koyarwa. Kowace shekara sai ta kai ga wani tsohon wasan kwaikwayo na saurayi da budurwa, 'ya'yan gidaje biyu masu gaba, da soyayya ta kai su kabari. Turancinsa ya tsufa har ya ƙi taunuwa, ita kuwa ba ta yarda da hadda ba. Sai ka juya kowane layi zuwa yarenmu, yadda kakarka za ta faɗa tana feraye gwaza. Daga nan ta zaunar da kai a kujerar, ka zama ɗaya daga cikin mutanen wasan, aji ya yi ta titsiye ka. Ita tambayarta ɗaya ce: me kake tsoro? A ganinta, babu wanda ya yi mugunta a wasan nan don daɗi.

Ina shekara sha shida ta ba ni uban budurwar. Da ta jefo tambayar, na ce, "Matata, Malama." Aji ya kwashe da dariya. Ta murmusa, ta ce in tashi, amma tana nan tana jiran amsa.

Shekaru suka ja, 'yata Penina ta hau kujerar a matsayin budurwar, ta amsa komai ba ta leƙa littafi ba, hawaye na zuba. Da yamma Malama ta tako har gidana, ta zauna a tabarma.

"Falaniko, yarinyar nan ba wasa take yi ba. Ka zauna ka ji ta."

Ashe Uelese take so, ɗan Aleki, wanda muke rigimar gonar kwakwa da gidansu tun zamanin kakanni. Ban ji ta ba. Na tashi a taron iyayen yara na ce wasan nan rashin kunya yake koya wa 'ya'yanmu, aka hana shi. Na kuma yi shiru lokacin da 'ya'yan ƙanena suka tare Uelese suka karya masa hannu. Penina ta hau jirgin ruwa ta bi shi birnin Auckland. Shekara shida ke nan ban ji muryarta ba, kuma ina da jika da ban taɓa ɗauka ba.

Ke ce, Malama, mai buɗe bakin bebe, na raba da aikin da kika fi so. Shekara shida kina koyar da nahawu tsura, kujerar na tsakiyar aji babu kowa a kai. Duk Lahadi sai kin gaishe ni a ƙofar coci, kin tambayi lafiyar gwiwata. Da zagina kika yi, da na fi samun sauƙi.

Ranar bikin sallamarta an kawo aladu da tabarmi na alfarma, ita kuwa kujerar kawai ta roƙa. Da jama'a suka watse, ta nuna mini ita da haɓa. Na zauna, gurguwar ƙafar kujerar ta girgiɗa kamar da.

"To, uban yarinya, me kake tsoro?"

"Kada a ce ɗan Pelenato ne ya sunkuya wa gidan Aleki."

"Yanzu ka ci jarrabawa," in ji ta. "Sai dai ka makara."

Bayan mako guda na je ƙofar gidan Aleki da sassafe, na durƙusa, na lulluɓe kaina da tabarmar alfarma, yadda mai laifi yake yi a wurinmu har a yafe masa. Rana ta take tsaka kafin tsoho Aleki ya fito ya yaye ta, alamar ya yafe.

Na gode, Malama, kuma ki yafe mini. Ku malaman da kuka gaje ta, an ɗage hanin, ku nemi kujera ku dasa a tsakiyar aji, kada ku bar yaro ya tsere da barkwanci kamar yadda na tsere. Shekaranjiya Penina ta turo hoton yaron, babu ko kalma ɗaya a ƙasa. Goshina ne da shi sak, amma har yanzu ban san sunansa ba.