Ranar da Na Roƙi Kada Ruwa Ya Zo

Ɗakin kakata ginin ƙasa ne, kuma tiyon roba mai kai ruwa makewayi ta gindin bangonsa ya bi. Wata safiya na ga wurin ya yi duhu. Na taɓa, yatsana ya nutse kamar a tuwo. Tiyon ne ya tsage a ƙarƙashi. Kaka kuwa ta ce ko bangon zai faɗo mata, ba ta fita.

Babban makullin ruwa da ke bakin ƙofa tsatsa ta daɗe da cinye shi. Ba mu taɓa damuwa ba, don a Matameye ruwan famfo shi ke ɗauke kansa, kamar yadda ya yi a ranar. Mai gyaran da Baba ya kira ya ce zai yanke tiyon kafin ya kai bango, ya sa ƙaramin makulli ya rufe layin makewayi.

"Amma sai gam ya kama," in ji shi. "In ruwa ya riga shi, zai tunkuɗe makullin ya kwanta a gindin bangon nan."

"Yaushe zai dawo?" na tambaya.

"Tambaye shi, ƙanwata. Ni bai taɓa shawara da ni ba."

Ya sa zarto ya yanke, ya goge bakin tiyon, ya shafa gam mai warin da ke hawa kai, ya cusa makullin. Ya ce in buɗe famfon tsakar gida duka, don ruwan ya sami wata hanya. Na tsuguna na kara kunne. Tun ina ƙarama nake son tarin da famfo ke yi kafin ya kawo. Yau ga ni ina roƙon Allah ya bar shi shiru.

Sai muryar maƙwabciya ta tsallako katanga: "Ruwa! A fito da bokitai!"

Famfonmu ya yi tari, ya tofar, ya ɓarke. Mai gyara ya damƙe mahaɗar da hannu biyu.

"Kar ki rufe! Bar shi ya zuba!"

Na cika randa, na cika tukwane, har da butar alwala. Sauran ya malale tsakar gida.

"Wace marar hankali ce ke wanka da rabon unguwa?" in ji Kaka daga ɗaki.

Can mai gyara ya sassauta yatsunsa a hankali. Ɗigo ɗaya ya tsaya a bakin mahaɗar. Ya share shi da babban yatsa, muka zuba ido. Wani bai fito ba.

Ya ce bangon zai bushe in an bar shi da rana. Duk da haka Baba ya ja gadon Kaka zuwa ɗaya gefen, tana kai tana faɗa.