Rufin Soron da Ba Mu Kalla Ba

Shekara arba'in na yi ina aikin zanen gine-gine, aikin kuma ya kai ni ƙasashe da dama. A Poland na taɓa shiga wata fada da yaƙi ya mayar toka, aka sake gina ta daga tsofaffin hotuna. A lokacin ban kawo a raina cewa wata rana zan nemi irin waɗannan hotuna in rasa ba.

Da na yi ritaya na zauna a Jos. Sai rikicin arewa maso gabas ya koro mutanen wani gari da na taɓa aiki a cikinsa, da yawansu suka sauka wajen 'yan'uwa a Bukuru. Su suka gaya mini an ƙone fadar garin. Azara ta kwana biyu tana cin wuta, damina ta zo ta ƙarasa bangon. Ginin ƙasa ne tun na kakanni, kuma ba a taɓa yarda a ɗauki hoto a soron da sarki ke zama ba.

Na yi musu alkawarin zana soron, don in an koma gida a sami abin dubawa. Na tara dattawansu a shagon wani tela kusa da kasuwa, na shimfiɗa takarda. Ƙasan ɗakin bai ba mu wahala ba. Sun san taku nawa ne daga ƙofa zuwa inda ake durƙusawa, sun san inda ake ajiye takalma, har wata 'yar tsaga a daɓe wani ya tuna. Sai na tambayi rufin. Wani tsohon mahauci ya yi dariya ya ce, "Injiniya, wa ya isa ya ɗaga kai a gaban sarki? Kai da ka shiga, me ka gani?"

Gaskiya ya faɗa. Sau biyu na shiga soron nan, abin da na riƙe shi ne tabarma da yatsun ƙafata.

Mutum ɗaya ya rage da ya san rufin, maginin da ke hawa tsani yana gyara shi duk bayan damina. 'Yarsa ce ke jinyarsa a wani ɗaki bayan layin dogo. Ɓarin jikinsa ya shanye tun a hanyar gudu, magana ba ta fita sai da ƙyar. Muka riƙa zuba yashi a faranti, yana ja da yatsan hagu, ni ina kwafa. Ƙafafun baka shida ne ke ɗauke da rufin, in ji shi, sun haɗu a tsakiya inda aka kafa tasar tagulla. Kowane tsakanin ƙafa biyu da irin jeren azararsa, babu biyu da suka yi kama. A mako uku muka sami uku daga cikin shidan. Ranar da na je don na huɗu, 'yar ta tare ni a ƙofa ta ce, "Baba, yau ko ni bai gane ba." Haka ya zauna har Allah ya karɓi ransa.

Dattawan suka matsa mini in cike sauran. Suka ce ai na ga rufin fadar Zariya, na ga na Agadas, in ɗauko mai kyau in sa, ba wanda zai gane. Abin da ya fi damuna ke nan, da gaske ba wanda zai gane. Hannuna ya san yadda ake yi. Wata safiya har na fara jan layi da fensir, na zauna ina kallonsa, na goge.

Na miƙa musu takardar, rabin rufin fari fat. Mahaucin ya juya ta sama da ƙasa, ya tambaye ni wane magini ne zai hau tsani da wannan. Kwanan baya na ji an fara sauke bulo da kwano a filin fadar.