Safayar Jar Motar Baba

Baba ya yi aikin direba tun kafin a haife ni, kuma abu biyu aikin ya bar masa: ciwon baya da wata 'yar jar mota mai kujera biyu. Wani Bature da ya yi wa tuƙi a aikin dashen itatuwa ne ya bar masa ita da zai koma ƙasarsu. Gajera ce, cikinta kamar zai shafi ƙasa, ba ta ɗaukar buhu balle akuya, shi ya sa a duk Agye babu wanda ya taɓa yi mana hassadarta. Tana nan ƙarƙashin rumfar kara a tsakar gida. Duk Juma'a Baba zai tayar da ita, ya saurari injin, ya kashe.

Shekarar da Gwaggo ta kwanta ciwo, wato yayarsa da ke aure a wani ƙauye bayan Cadakori, aka aiko cewa tana son ganinsa. Na ce mu bi motar haya da safe. Ya ce bayansa ba zai ɗauki cunkoso ba, kuma shi ba ya zama wani yana tuƙa shi. A motarsa zai je. Na ce to, mu kama hanya mana. Sai ya buɗe bayan motar ya nuna mini ramin da aka yi don tayar safaya, wayam. An are ta da daɗewa ba a dawo da ita ba, shi kansa ya manta wa ya ba.

"Ba ni hita gari ba safaya," in ji shi. "Ban yi da ƙuruciya ba, ba ni farawa da tsuhwa."

Na ɗauka aikin yini ɗaya ne. Ashe ramin ƙarami ne, tayar kowace mota ba ta shiga, kuma motar ba ta da kujerar baya ko rufin da za a ɗaura kaya. Baba ya yanka kwali daidai faɗin ƙarfen tayar, ya huda shi inda kusoshi ke shiga, ya miƙo mini. Da kwalin nan na yi ta yawo a babur, duk ranar da na tashi daga lakol inda nake koyarwa. Masu facin Agye, na Cadawa, na Gazawa, har 'yan gwangwan na Maraɗi, duk sun san ni da kwalina. Wani ma in ya hango ni sai ya ce ga malam mai faifai nan tafe.

Amsarsu ɗaya ce: ƙananan tayoyi masu haɗa amalanke sun kwashe su. Na koma wajen masu haɗa amalanken, na kuwa sami ƙananan tayoyi jibge. Sai dai kowace na ɗaga, an riga an sa wutar walda an buɗe hujinta don ta hau ƙarfen amalanke. A mota ba ta ƙara zama. Wallahi na gaji. Na gaji da rana, na gaji da tsugunawa gindin amalanken mutane ina gwada kwali kamar mai neman ɓataccen kuɗi, na gaji da kiran ɗan Gwaggo yana cewa yau ma ta tambaya.

Rannan na fusata. Na ce Baba, kwalta ce fa har Maraɗi, masu faci ko'ina, mu tafi haka nan. Ya kalle ni, ya ƙara sautin rediyonsa.

A kasuwar Gangara na sami tayar, ƙarƙashin wata amalanke cike da jarkoki. Na ɗora kwali, huji ya hau kan huji, babu inda wuta ta taɓa. Mai amalanken wani dattijon Bafulatani ne, ya tsaya yana kallona yana dariya. Na gaya masa komai. Ya ce amalanken ba tasa ba ce, ta matarsa ce da take ɗibar ruwa, sai ya tambaye ta, in dawo kasuwa mai zuwa. Na roƙe shi har na ji kunyar kaina.

"Malam, haba," ya ce. "Mace ta aiko ni kasuwa da kayanta, in koma mata da ƙafa ɗaya?"

Gaskiyarsa ce, amma ranar na koma gida ina jin haushin kowa.

Kasuwa ta zagayo, sai ga shi da tayar ɗaure a kan jaki. Ya ce matarsa ta ce ba ta sayarwa, aro ta ba tsoho ya je ya ga 'yar'uwarsa. Sun tokare amalanken da tsohon turmi, za ta riƙa ɗibar ruwa da jaki har in dawo da ita.

Na iso gida da la'asar, tayar ɗaure a bayan babur, na tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maƙwabta zazzaune. Gwaggo ta rasu da hantsi, har an kai ta. Baba ya taso daga cikin mutane, ya kwance tayar da hannunsa, ya kai ta ramin motar. Ta zauna daram. Ya rufe, ya koma kan tabarma.

Washegari muka tafi gaisuwa, shi ke tuƙi. Muka wuce Cadawa, muka wuce Maraɗi da Tibiri, muka sauka kan hanyar jar ƙasa mai ramuka, muka shiga yashi da ƙaya har ƙofar gidan. Aka nuna masa kabarin, ya yi addu'a. Da yamma muka juyo ta hanyar da muka bi.

Da ya ajiye motar a rumfa bai shiga ɗaki ba. Ya zagaya ta a hankali, hannu ɗaya dafe da baya, yana danna kowace taya da babban yatsa. Duk suna nan cike da iska.

"Ko guda ba ta hwashe ba," ya ce.

Ya dafa motar, ya ƙara da cewa:

"Da mun tahi ran da ka ce, da na iske ta da rai."

Ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai ranar. Na tsaya a gefensa da makullin motar a hannu.